20W-50 ko 5W-30: wane baƙin mai ya dace da injin motarka?

A watan Afrilun bara na kai motata juye wajen makaniken da na saba da shi shekara da shekaru. Corolla ce ƙirar 2006, irin wadda ake shigowa da ita daga Amurka. Na miƙa masa galan ɗin 5W-30 da na sayo, ya buɗe, ya ɗiga kaɗan a ɗan yatsa ya murza, sai ya girgiza kai. "Alhaji, wannan ai ruwa ne, man ƙasar sanyi ne. A zafin nan namu in ba 20W-50 ka zuba ba, injin zai fara ƙara." Na nuna masa murfin baƙin man da ya kwance yana riƙe da shi a hannun hagu, inda masu ƙera motar suka rubuta SAE 5W-30 ɓaro-ɓaro. Ya duba, ya ce, "To ai su ba su san Kano ba."

Mutumin nan ya san aikinsa, kuma ba cutata yake so ya yi ba. Abin da ya gada ne daga maigidansa, wanda ya koyi sana'a a kan Peugeot 504 da 505 da ake haɗawa a Kaduna, da Beetle, da tsofaffin Datsun. A kan waɗannan motoci maganarsa daidai take. Sai dai injin ya canza tun tuni, shawarar kuwa tana nan inda aka bar ta. Na ga injuna da dama da wannan shawara ta gajarta wa kwana, shi ya sa nake son a zauna a kwatanta mayukan nan ɗaya bayan ɗaya.

Lambobin da ke jikin galan ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, kuma kauri kawai suke faɗa, ba inganci ba. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man yake gudana idan injin ya yi sanyi. Ana gwada 5W a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu ita ce kaurin man a zafin digiri 100, wato lokacin da injin ya ɗau zafinsa na aiki. A wannan zafi, mai lamba 20 yana da kauri ƙasa da santistok 9.3 (santistok shi ne ma'aunin kaurin mai), mai 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9. Saboda haka 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya ne idan mota ta yi zafi, da safe ne kawai suke bambanta.

A nan ne gwajin ɗan yatsa yake yaudarar mutane. Makanike yana murza man ne a zafin garin, a ce digiri 40 a tsakiyar bazara. A wannan zafi 0W-20, wanda ake wa kallon ruwa, kaurinsa yana wajen santistok 45. Shi kuwa 20W-50, idan ya shiga injin ya kai digiri 100, yana saukowa wajen 18. Wato man da aka raina a kan yatsa ya ninka kaurin wanda ake yabo fiye da sau biyu, in an kama shi wancan a bakin aiki. Yatsa ba ya ganin abin da ke faruwa a cikin injin.

Zafin Kano ko Sakkwato ko Damagaram gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma injin da lagiretonsa da fankarsa da tamostat ɗinsa (ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin) suke lafiya yana riƙe ruwansa a wajen digiri 85 zuwa 95, ko a Jos cikin hunturu yake, ko a Maiduguri a watan Mayu. Garin Phoenix na jihar Arizona yakan wuce digiri 43 a lokacin zafi, kuma 0W-20 ɗin nan da shi Camry da Accord suke yawo a can. Inda zafinmu yake shigowa shi ne idan an haɗa shi da wahala: cunkoson Kofar Wambai da AC a kunne, ko mota cike da mutane da buhuna a bayanta ana gudun 120 daga Kano zuwa Potiskum. A irin wannan hali zafin man kan haura na ruwan injin, ya ƙara tsinkewa. Wannan dalili ne na hawa mataki ɗaya a lambar kauri, ba na tsallake mataki uku ba.

Akwai wata al'ada da take ɓata lissafin gaba ɗaya, cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta sauka daga kwatano. Injin da aka yi wa haka yana daɗewa bai kai zafinsa ba, musamman da sanyin safiya. Man yana zama da kauri fiye da yadda aka tsara, fetur ɗin da ya zurara cikinsa da damshin ruwa ba sa ƙafewa, mota kuma tana ƙara shan fetur. Idan aka ɗora 20W-50 a kan wannan, an haɗa wa injin nauyi biyu.

Bari mu fara da 20W-50, tunda shi ya cika kasuwa kuma shi ya fi araha. Amfaninsa a fili yake. A tsohon injin da aka ƙera da sarari mai faɗi tsakanin ƙarafansa, ko wanda ya ci ya sha har ringinsa ya saki, mai kauri yana cike gurbin, yana ɗaga ƙarfin bugun famfon mai, yana rage hayaƙi da ƙara. Mai 504, ko tsohuwar bas ta haya da ta zagaye mita, ba shi da dalilin neman wani abu daban. Illarsa tana bayyana ne a injunan da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau. Waɗannan suna da VVT-i a Toyota, ko i-VTEC a Honda, kuma da ƙarfin baƙin mai suke sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul. Man yana bi ta ƙananan hanyoyi da wata 'yar raga mai ƙananan idanu kafin ya kai wurin. Mai kauri yana isa a makare, musamman a daƙiƙun farko bayan an tayar da mota, lokacin da saman injin yake a bushe. Ƙarar nan ta "karr" da ake ji da safe na ɗan lokaci sau da yawa daga nan take. Ga kuma fetur: famfo yana wahala wajen tura mai kauri, kuma da fetur ake biyan wannan wahala, a zamanin da kowace lita sai an yi lissafinta. Wani abin da ba a cika lura da shi ba, baƙin mai yana kwashe zafi daga fistin da cikin injin. Wanda yake gudana a hankali bai kai mai saurin zagaye kwashe zafin ba.

10W-40 da 15W-40 su ne na tsakiya. Golf 3, Peugeot 406, tsofaffin Mercedes, da injunan Japan na shekarun 1990 duk suna zama lafiya da su. 10W-40 ya fi sauƙin tashi da safe, kuma yawanci rabin sintetik ne, wato gaurayen sintetik, man da aka sarrafa ta hanyar sinadarai, da minaral, wanda aka tace daga ɗanyen mai. 15W-40 kuwa a kula, domin galibinsa man manyan motoci masu shan gas ne. Idan a jikinsa an rubuta CI-4/SL, wato da harafin S na injin fetur a ciki, tsohuwar motar fetur za ta iya amfani da shi. Idan harafin C na injin gas kaɗai ka gani, ka bar wa tirela da janareta kayansu.

5W-30 shi ne wanda, a ganina, ya dace da mafi yawan motocin da ke kan titunanmu yau. Corolla 2003 zuwa 2008 ta Amurka shi aka rubuta mata, haka Pontiac Vibe ta waɗannan shekaru, wadda injin Toyota ne a cikinta, haka Camry 2002 zuwa 2006, da Sienna da Highlander na wancan zamani. Yana hawa saman injin da wuri, kuma yana da isasshen jiki idan an yi zafi. Duk wanda murfinsa ya ce 5W-30, ya zuba 5W-30. Idan motar ta tsufa tana rage mai tsakanin juye da juye, 5W-40 ne mataki na gaba, kuma ya wadatar.

Inda ake doguwar muhawara shi ne 5W-20 da 0W-20. Accord 2003 zuwa 2007 an rubuta mata 5W-20, Corolla daga 2009 ta koma 5W-20 da 0W-20, Camry 2018 mai injin lita 2.5 ma har 0W-16 aka ce a zuba mata. Masu cewa dokar rage shan fetur ta Amurka ce ta sa kamfanoni suka koma siririn mai suna da gaskiya a wani ɓangare. Injin 2AZ-FE na Camry misali ne: a ƙirar 2002 zuwa 2006 an ce 5W-30, a ƙirar 2007 aka ce 5W-20 ko 0W-20. Littattafan Toyota na wasu ƙasashe masu zafi sukan jero kauri iri-iri da aka yarda da su ga injin ɗaya, kuma littafin Amurka kansa yakan ce mai da ya ɗan fi kauri zai iya fin dacewa idan ana gudu sosai ko ɗaukar kaya mai nauyi. Don haka wanda motarsa ta ce 5W-20, ta kuma yi tafiya mai nisa kafin ta zo hannunsa, in ya zuba 5W-30 ban ga laifinsa ba, ni ma abin da zan yi ke nan. Amma sabuwar mota da aka tsara famfonta da gurabenta a kan 0W-20 ko 0W-16, a bar ta a kan abin da aka rubuta. Daga 0W-20 a yi tsalle zuwa 20W-50 ninka kaurin ne sau biyu a zafin aiki, da safe kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Duk wannan magana ta kauri rabin zance ce. Ɗaya rabin, wanda kusan ba mai dubawa a shago, shi ne haruffan API, ma'aunin ingancin mai, da ke cikin wani zagayayyen tambari a bayan galan. Harafin S na injin fetur ne, harafin da ke biye da shi kuma yana nuna zamanin man. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, SQ kuma a 2025. Kowane sabo yana maye gurbin na bayansa, wato motar da littafinta ya ce SL za ta sha SN ko SP ba matsala, amma wadda ta ce SN ba a mayar da ita SL. Bambancin yana cikin sinadaran da aka zuba: masu wanke datti, masu riƙe shi kada ya daskare, masu hana man ƙonewa da tsufa, masu kare ƙarfe daga cin juna. Har yanzu akwai galan a kasuwa masu ɗauke da SF ko SG, ma'aunin shekarun 1980, wasu ma SAE 40 kawai aka rubuta ba wani harafi. Irin wannan mai ko da kaurinsa ya yi daidai, ba shi da abin da zai tsare injin zamani. Da a ba ni 5W-30 marar tambari, gara a ba ni 10W-40 mai SN.

Masu injin turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin Honda mai lita 1.5 da ke cikin Civic daga 2016 da Accord daga 2018, ko EcoBoost na Ford, su ne wannan harafi ya fi shafa. Irin waɗannan injuna suna da wata cuta: idan aka taka totur mota tana ƙaramin gudu, fetur kan kama wuta kafin fulogi ya ba da tartsatsi, kuma bugu ɗaya mai ƙarfi na iya fasa fistin. An gano cewa sinadaran wasu mayukan suna taimaka wa wannan, shi ya sa aka fito da SN Plus a 2018, sannan SP. Mai irin wannan mota kada ya sauka ƙasa da SN Plus ko nawa ne bambancin kuɗin. Motocin Japan da Amurka kuma sukan nemi wani ma'auni mai suna ILSAC, GF-5 ko GF-6, wanda yake tafiya tare da SN da SP, ya ƙara da sharaɗin rage shan fetur da taƙaita sinadarin fosfaras don kada ya kashe abin tace hayaƙin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi. Motocin General Motors daga 2011 suna neman tambarin dexos1.

Motocin Turai nasu tsarin daban ne, kuma nan ne mai Mercedes ko BMW ko Passat yake faɗawa rami ba tare da ya sani ba. Su ma'aunin Turai mai suna ACEA suke bi, da lambar amincewar kamfani: 229.5 a Mercedes, Longlife-01 a BMW, 502 00 a Volkswagen. Akwai wani gwaji da ake yi a digiri 150 ana matse man da ƙarfi, kamar yadda yake matsuwa inda karanshaf ke juyawa. Man da ke da lambar ACEA ta A3/B4 dole ya riƙe kauri 3.5 ko sama a wannan gwaji, alhali 5W-30 na motocin Japan yakan tsaya wajen 3. Galan biyu ke nan, kowanne an rubuta 5W-30, amma ɗaya ya dace da Corolla, ɗayan da C-Class. Ga injin fetur na Turai a ƙasashenmu, inda ingancin fetur yake hawa da sauka, na fi natsuwa da 5W-40 mai A3/B4 a kan masu lambar ACEA ta C3, domin na farkon yana da ƙarin sinadarin da ke kashe tsamin da farar wutar cikin fetur take haifarwa.

Batun sintetik da minaral ba ya buƙatar dogon bayani. Sintetik ya fi jure zafi, ya fi jinkirin ƙonewa, ya fi barin injin da tsabta, kuma kusan duk 0W-20 sintetik ne. Jita-jitar cewa yana sa tsohon injin yoyo tushenta shi ne yakan wanke dattin da ya toshe tsohon sil da ya riga ya mutu. Kuskuren da nake gani shi ne mutum ya sayi sintetik mai tsada ya ce ya huta sai bayan kilomita 15,000. Wannan lissafin ƙasashen da ba ƙura ne. Mu da harmatan ke cika mana filtar iska da jar ƙasa, muna gajerun tafiye-tafiye daga gida zuwa kasuwa, muna tsayuwa a cunkoso injin yana aiki mita ba ta motsi, a rukunin da littafin mota ke kira aiki mai tsanani muke. Minaral a juye shi a kilomita 4,000 zuwa 5,000, sintetik 7,000 zuwa 8,000, ko wata shida in ba a kai ba, kuma kowane juye da sabuwar filta mai kyau. A lura da mitar motocin Amurka, mil take ƙirgawa. Wanda ya jira ta ƙara 5,000 ya yi kilomita 8,000 ke nan bai sani ba.

Na taɓa tsayawa a kan wata Camry V6 ta wani maƙwabcina da aka buɗe murfin saman injinta. Abin da ke ciki ba mai ba ne, wani baƙin abu ne kamar kwaltar da ta huce, makanike yana kankaro shi da sukundireba yana tarawa a gwangwanin madara. Ragar da ke bakin famfon mai ta toshe saura 'yan ramuka. Mai motar ya rantse ba ya wasa da juye, kuma na yarda da shi. Man awo yake saye, wanda ake ɗurawa daga duro a gefen titi, saboda ya fi sauƙi kuma mai sayarwa ya ce masa mai kauri ne. Ba wanda ya san me ke cikin duron nan. Kuɗin da ya kashe a gyaran ya isa ya saya masa man kirki na shekaru.

Jabu kuwa har cikin galan mai kyan gani yake zuwa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya ta sha kama masu tace tsohon mai suna ɗurawa a robobin manyan kamfanoni, kuma mafi tsadar mai shi aka fi kwaikwaya, domin a nan ribar take. Ni ma an taɓa sayar mini. Sai da na zo gida na ga zoben murfin ya riga ya tsinke an manne shi da gam, man kuma yana warin ƙauri. Tun daga ranar nake saye a gidan mai na kamfanin ko wajen dilansu, in duba hatimin murfi da lambar da aka buga a jikin roba, in kuma farashin ya faɗi ƙasa da na ko'ina in ajiye. Man da aka haɗa a cikin gida, na kamfani mai rajista da tambarin NIS na hukumar SON da harafin API da ya dace, ya fi baƙon galan mai babban suna da ba ka san hannun da ya bi ba. Idan an gama juye kuma ka karɓi robarka ka huda ta, domin yaran da ke bin gareji suna sayen wofin galan ba don ɗiban ruwa suke saye ba.

Saura mai motar da ta riga ta fara shan mai, wanda shi ne aka fi tura wa 20W-50. Kafin a canza kauri a fara gano inda man yake tafiya. A ajiye mota a wuri mai daidai, a cika zuwa layin sama na sandar geji, a rubuta lambar mita, a riƙa dubawa kowace safiya kafin a tayar. Idan ƙasan motar yana ɗiga, aikin sil ne da gasket, mai kauri ba zai ɗinke su ba. Idan shuɗin hayaƙi ne da safe kawai, ya ɓace bayan ɗan lokaci, yawanci robobin bawul ne. Akwai kuma wani ɗan bawul mai suna PCV a saman injin, kuɗinsa kaɗan ne, in ya toshe yana sa mota shan mai da yoyo, kuma da wuya a ga wanda ya duba shi. Wasu injunan, irin na Camry 2007 zuwa 2009, an san su da maƙalewar ringin mai saboda dattin da ke toshe ramukan fistin, kuma mai kauri marar sinadarin wanki ƙara toshe su yake yi. Idan an duba duk wannan aka ga tsufa ne kawai, sai a hau mataki ɗaya, daga 20 zuwa 30, ko daga 30 zuwa 40, a yi juye biyu ana auna abin da ya ragu.

Corollar tawa dai 5W-30 mai SN muka zuba mata a ranar, bayan na sa an mayar da tamostat ɗin da mai ita na farko ya cire. Da na koma juye na gaba, makaniken ya zaro sandar geji ya goge a tsumma, ya mayar ya sake zarowa, ya ɗaga ta wajen haske. Man ya sauka kaɗan daga layin sama, bai kai rabin tazarar ba. Ya ce, "Alhaji, irin na wancan karon ka kawo?" Na ce shi ne. Ya sa yaronsa ya kawo faranti ya shiga ƙarƙashin motar.